Ledar Takardun Yaya: Wa Ke Riƙe da Tarihin Ciwonka?



Da aka ce in yi magana a kan kamfanonin inshorar lafiya, waɗanda mu nan muke ce ma asirans, da yadda suke yi da bayanan mutane, wani abokina dariya ya yi. Ya ce: "Kai, wa za ka tara da wannan zance? Cikinmu wa ke da asirans?" To bari mu gwada. Mai katin asirans a aljihu ya ɗaga hannu. Kun gani, ba mu cika yatsun hannu biyu ba. Yanzu kuma wanda ya taɓa riƙe leda cike da takardun likita, yana bin mara lafiya daga wannan gishe zuwa wancan, ya ɗaga hannu. Madalla. Zancen na kowa ne kenan.

Bari in fara da ledar gidanmu.

Yayata tana aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta. Wurin aikin ya yi musu asirans, kamfani na biyan kashi 80 cikin 100, ita ta cika sauran. Ɗanta na biyu yana da emasi, amosanin jini. Wanda ke da mai emasi a gida ya san abin: yau yaro na wasa a tsakar gida, gobe da dare yana murƙususu da ciwon ƙashi. Shekara shida Yaya na tara takardunshi a wata baƙar leda ƙarƙashin katifa. Karne, ordonas, sakamakon analiz, hotuna, rasit, duk suna ciki.

Bara waccan wurin aikinsu ya canza kamfanin asirans, aka ba ta sabon kati. Ba a yi wata biyu ba ciwon ya tashi da ƙarfi, aka ce mu tafi Yamai. Ni na raka su, daga Damagaram, tafiyar kilomita wajen 900 cikin bas. Da muka isa, likita ya yi tambayoyi masu sauƙi. Sau nawa aka ƙara mishi jini? Yaushe ne na ƙarshe? Akwai maganin da jikinshi bai karɓa ba? Yaya ta zazzage leda a kan tebur. Wasu takardun ruwan damina ya taɓa su, tawada ta narke. Wasu kuma rubutun ba ya karantuwa. Likita ya ce a sake analiz daga farko.

Sabon kamfani ya ce ba zai biya ba sai ya ba da bon, kuma ba zai ba da bon ba sai ya ga shaidar tarihin ciwon. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, tsohon kamfani shekara shida yana biyan kuɗin maganin yaron nan, komai na cikin kwamfutarsu. Na hau kabu-kabu na tafi. Ma'aikacin da na tarar ya dube ni ya ce: "Malam, kwangilarku da mu ta ƙare. Dosiyen namu ne." Na ce: "Ranka ya daɗe, dosiyen naku ne, ciwon fa na wa ne?" Ya ce in rubuto takarda zuwa ga shugaba.

Kwana huɗu muka yi a haka. Yaya ta kira uwar adashinsu ta roƙi a ba ta kwasar wata, ta biya da aljihunta. Yaro ya samu sauƙi, mun gode Allah. Kuɗin kuwa sai bayan watanni aka maido wani ɓangare, aka ƙi rasit ɗaya wai babu kashe a kanshi.

A hanyarmu ta dawowa Yaya ta ce mini: "Auta, kai da ka yi jami'a, haka ake yi ko'ina a duniya?" Ban da amsa a lokacin. Wannan tambayar ce ta sa na shiga bincike, kuma abin da na samo shi zan ba ku yau.

Na nemi ƙasar da aka yi wannan rigima har ta kai ga doka, sai na tsinci kaina a Amurka. Babu ƙasar da ta kai ta kashe kuɗi a kan kiwon lafiya, kuma babu inda kamfanonin inshora suke da ƙarfi kamar can. Duk da haka, har cikin ƴan shekarun nan likitocinsu na aika ma kamfanoni takardun neman izini ta na'urar faks. Su ma suna da ledarsu, tasu dai mai lantarki ce. Shekara kusan talatin suna fama da abin, kuma kurakuran da suka yi a rubuce suke. Gara mu karanta su tun kafin mu maimaita.

Da farko, me ake nufi da a ce na'urori su ji maganar juna? Abu uku ne, sai sun haɗu.

Na ɗaya hanya. Kwamfutar asibiti ta iya aika saƙo ga kwamfutar kamfani. Kun san yadda kuɗin da aka turo ta wani kamfanin tura kuɗi ba ka iya amsarsu a gishen wani. Kowa da gidanshi, babu ƙofa tsakani.

Na biyu ma'auni. Ko da hanya, in tiyata ba tiyarka ba ce, sai an yi gardama a kasuwa. Dole a yarda da tsari ɗaya: nan ake rubuta suna, nan ranar haihuwa, nan magani, nan yawanshi. Tsarin da ya fi karɓuwa yanzu a duniya sunanshi FHIR, wata ƙungiya mai suna HL7 ce ta fitar da shi, kuma kowa na iya ɗauka kyauta. Yana yanka bayanan mara lafiya ƙanana-ƙanana, kowane da gurbinshi, yadda ko wayar hannu za ta iya karantawa.

Na uku ma'ana. Wani ya rubuta emasi, wani amosanin jini, wani sikila, wani ya rubuta da Faransanci. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowace cuta lamba. A kundinta na goma, emasi D57 ne, a Maraɗi ko a Tokiyo.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ukun nan duka: a tabbatar mutumin nan shi ne mutumin can. Mu mun san wannan matsala. Mutum ɗaya Mahamadu ne a takardar haihuwa, Mahaman a katin lakwal, Mamman a karnen likita. Iyayenmu da yawa kuma, a takarda, ranar 1 ga Janairu aka haife su. Amurka ma ba ta da lamba ɗaya ta mara lafiya a faɗin ƙasa, don tun ƙarshen shekarun 1990 majalisarsu ta hana a kashe kuɗin gwamnati a kan haka, saboda tsoron tonon asiri. Har yau da suna da ranar haihuwa da adireshi suke lalube.

To in fasahar na nan, me ya hana kamfanoni su yi? Ku sa kanku a kujerar mai kamfani. Bayanan da ka tara dukiya ce. Da su kake sanin wa ke cin kuɗi, wa ba ya ci, nawa za ka sa farashi baɗi. In ka miƙa su ga abokin gasarka, ka sauƙaƙa ma mutanenka barinka kenan. Ga shi na'urorinka tsofaffi ne, gyaransu kuɗi ne mai yawa, kuma ribar gyaran ba aljihunka za ta shiga ba, aljihun mara lafiya za ta shiga. Sannan kana da uzuri mai kyau a hannu: ka ce doka ta hana ka fitar da sirrin mutane. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya ƙi. Lissafi kawai zai yi.

Ga yadda gwamnatinsu ta bi da su, mataki-mataki.

A 1996 aka yi dokar da ake kira HIPAA. Ita ce ta kafa ƙa'idar sirrin bayanan lafiya, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin neman kwafin bayananshi. Amma wasu asibitoci da kamfanoni sai suka mai da ita garkuwa, ka nemi naka a ce maka doka ta hana.

A 2009 gwamnati ta zuba biliyoyin daloli don asibitoci su bar takarda su koma kwamfuta. Sun koma. Sai dai kowa ya sayi manhajarshi, kuma manhajojin ba sa magana da juna. An kashe kuɗi, leda ta koma cikin kwamfuta, amma tana nan a ɗaure.

A ƙarshen 2016 aka yi wata doka da ta haramta toshe bayanai da gangan. Kamfanin da ke ƙera manhajar asibiti ko mai dillancin bayanai, in aka kama shi da laifin, tarar na iya kai dalar Amurka miliyan 1 a kan kowane laifi.

A 2020 aka iso kan kamfanonin inshora kansu. Hukumar CMS, wadda ke kula da inshorar gwamnati ta tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi, ta ce duk kamfanin da ke aiki ƙarƙashin shirye-shiryenta dole ya buɗe wata taga ta intanet, irin gishen da ba mutum a bayanshi, inda mai kati zai jawo bayananshi zuwa wayarshi: me aka yi mishi, nawa aka biya, tun daga Janairun 2016. Kuma a kan tsarin FHIR. Aka fara tilasta wannan daga 1 ga Yulin 2021.

A nan ina so ku saurara da kyau, don nan darasin yake. Cikin dokar 2020 ɗin akwai wani sashe da ya ce in mutum ya canza kamfani, tsohon ya miƙa ma sabon bayananshi, daga Janairun 2022. Daidai matsalar Yaya kenan. Amma sashen bai faɗi da wane tsari za a miƙa ba. Kamfanoni suka ce to, da wace tiya za mu auna? Ƙarshenta hukumar da kanta ta sanar cewa ba za ta tilasta wannan sashe ba tukuna. Sashen da aka faɗi ma'auninshi ya tashi, wanda ba a faɗa ba ya kwanta. Doka ɗaya, kamfanoni ɗaya.

Sai a Janairun 2024 suka dawo suka gyara. Sabuwar ƙa'idar ta ce zuwa 1 ga Janairun 2027 kamfanoni su buɗe tagogi na musayar bayanai tsakaninsu, da tsakaninsu da likitoci, duk a kan FHIR. Sabon kamfani zai iya karɓo tarihin shekara 5 daga tsohon, in mai katin ya yarda. Ta kuma taɓa zancen bon. Daga 2026, yawancin kamfanonin da abin ya shafa dole su ba da amsa cikin awa 72 in na gaggawa ne, cikin kwana 7 in ba na gaggawa ba. In sun ƙi, su faɗi takamaiman dalili. Kuma kowace shekara su buga a fili: buƙata nawa suka amince, nawa suka ƙi, nawa suka juya bayan an ɗaukaka ƙara.

Me ya kai su ga haka? Wani dalilin shi ne binciken da ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiyarsu ya fitar a 2022. Ya duba buƙatun izini da kamfanonin inshorar tsofaffi suka ƙi, ya tarar kashi 13 cikin 100 sun cika duk sharuɗɗa, bai kamata a ƙi su ba. Ba don an buɗe littafin ba, da ba wanda zai sani.

Kar ku ɗauka komai ya gyaru. Waɗannan ƙa'idoji ba su shafi yawancin waɗanda ke samun inshora ta wurin aiki ba, kuma su ne suka fi yawa. Zancen wa'adin amsa ma bai haɗa da magunguna ba. Da Yaya a Amurka take aiki, mai yiwuwa dokar ba za ta rufe ta ba.

Yaya kamfanoni ke karɓar irin wannan doka? Ni a karatuna na ga hali uku.

Akwai mai cika sharaɗi kawai. An ce a buɗe taga, ya buɗe, amma a bayan gida, ba allo, ba wanda ya gaya ma masu kati. In sufeto ya zo, ga taga nan. Kun san irin wannan, kamar famfon da ake ƙaddamarwa da kiɗa da jawabi, bayan sati ba ruwa. Hukumar ta gane haka, shi ya sa a ƙa'idar 2024 ta ce kamfanoni su riƙa kai rahoton mutum nawa ne suka yi amfani da tagar da gaske.

Akwai mai ba da kwangila. Ba zai gyara tsofaffin na'urorinshi ba, sai ya ɗauko wani kamfanin fasaha ya tsaya tsakani, yana fassara. Yana da sauri, yana da sauƙin kuɗi. Amma kamfanoni da yawa sai su taru a kan ɗan tsakani guda. Ku riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Akwai kuma mai gyaran gida, wanda ya gane cewa tsabtace bayanai na rage mishi asara: ba a biyan analiz ɗaya sau biyu, ana saurin kama rasit na ƙarya, ma'aikata ba sa ɓata yini suna buga waya. Wannan shi ne muke fata, amma ko shi sai da wa'adi ya matso ya fara motsi.

Yanzu ɗaya fuskar. Wani zai ce to ai shi kenan, a haɗa komai wuri guda a huta. A'a, ƴan'uwa, a dakata.

A Fabrairun 2024 ɓarayin intanet suka shiga wani kamfani mai suna Change Healthcare. Irin ɗan tsakanin nan ne da na faɗa, ta hannunshi takardun biyan kuɗi ke wucewa tsakanin asibitoci da farmasi da kamfanonin inshora. Ta ina suka shiga? Ta wata ƙofa da ke da kalmar sirri kawai, ba a sa mata mataki na biyu ba, irin lambar nan da ake turo maka a waya. Shugaban uwar kamfanin ne da bakinshi ya faɗi haka gaban majalisa, ya kuma ce sun biya kuɗin fansa dalar Amurka miliyan 22. Makonni aka yi farmasi na kasa duba inshorar mutane, ƙananan asibitoci na rasa kuɗin albashi. Bayanan mutum kimanin miliyan 190 abin ya shafa. Fiye da rabin ƙasar kenan, ta ƙofa ɗaya.

A daidai lokacin, Faransa ma ta sha nata. Kamfanoni biyu, Viamedis da Almerys, masu tsayawa tsakanin farmasi da kamfanonin inshora don kar mara lafiya ya biya da aljihu, aka shige su. Mutum sama da miliyan 33: ranar haihuwa, lambar tsaron zamantakewa, sunan kamfanin inshorarsu. Ƙasar da ke da katin lafiya na lantarki tun 1998 kenan.

Hukunci fa? A 2015 an sace bayanan mutum kusan miliyan 79 daga kamfanin inshora na Anthem. Bayan shekara uku suka daidaita da hukumar lafiya a kan dalar Amurka miliyan 16, ban da abin da suka biya a wasu shari'o'in. Ku raba wannan tarar a kan mutanen. Kowane mutum bai kai sefa 150 ba. Sirrinka kenan, kuɗin kofin shayi. In tara ta fi gyara arha, mai lissafi tara zai zaɓa.

Akwai wani rami kuma. A Amurka, da zarar ka jawo bayananka daga kamfanin inshora zuwa wata manhajar waya ta ƴan kasuwa, dokar HIPAA yawanci ta daina kare su. Ka danna "na yarda" ba ka karanta ba, shi kenan. Mu da muke saukar da duk abin da aka turo a guruf, wannan ya shafe mu.

Ramin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Ku ɗauka tsohon kamfanin ya miƙa ma sabon tarihin ɗan Yaya cikin minti ɗaya. Sabon ya duba ya ga D57, ya ga ƙarin jini, ya ga kwanciya asibiti. Me zai hana ya ce wannan yaron ba ma ɗaukarshi, ko a ninka kuɗi? A Amurka abin da ya hana shi ne doka: ta 2008 ta hana kamfanonin inshorar lafiya amfani da bayanan gadon jini a kan mutum, ta 2010 kuma ta hana su ƙin mutum saboda ciwon da ya zo da shi. In aka buɗe hanyar bayanai ba a kafa irin wannan katanga ba, an ba kura ajiyar nama. Kuma a garuruwanmu, inda kowa ya san kowa, bayani ɗaya ya fita a kan ciwon sida ko taɓin hankali ko rashin haihuwa, aure na iya mutuwa, aiki na iya tafiya.

To mu dawo gida. Ina muke?

Mafi yawanmu da aljihu muke biya. Amma babban mai biyan kuɗin magani a madadin wasu a ƙasar nan ba kamfani ba ne, gwamnati ce. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma tiyatar haihuwa. Yadda abin ke tafiya, asibiti ya yi aiki, ya tara takardu, ya aika, ya jira a biya shi. Duk wanda ke da ɗan'uwa majo a karkara ya ji labarin jinkirin biyan nan, da yadda yake ƙarar da magani a kanta. Rashin kuɗi na ciki, ba musu. Amma tafiyar takarda da tantance ta ma na ciki. Wannan shi ne ainihin aikin inshora, ko ba a kira shi da sunan ba.

Ma'aikatar lafiya na amfani da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙera, wajen tattara alƙaluma. Tana da amfani ƙwarai, amma babban aikinta ƙidaya ne: masu zazzaɓi nawa aka gani a wata. Ba ita za ta gaya ma likitan Yamai sau nawa aka ƙara ma ɗan Yaya jini ba. Kamfanonin asirans ɗinmu kuma suna ƙarƙashin dokar CIMA, wadda ƙasashe 14 na Afirka suka haɗu a kai tun 1992. Muna kuma da dokar kare bayanan mutum tun watan Mayun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora ma aikin. Ranar da aka ce mini "dosiyen namu ne", ban ma san da hukumar ba. Ni da na yi jami'a.

Ana ta zancen inshorar lafiya ga kowa da kowa, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a zo da kati da kwamfuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amurkawa sai da kowa ya gina katangarshi sannan suka dawo suna fasa ƙofa da kuɗi mai yawa. Mu ba mu gina ba tukuna. Wannan karon, zuwa a makare na iya zama riba, in mun buɗe baki da wuri.

Ga tambayoyi biyar da nake so kowannenmu ya riƙe. Duk inda aka zo da zancen katin lafiya, ko gwamnati ce, ko kamfani, ko mutuwel ta unguwa, ko wani shiri na masu ba da tallafi, a yi su.

Ta farko: zan iya karɓar kwafin bayanaina, kyauta, cikin kwana nawa? A rubuta adadin kwanakin. Kuma a tuna da mai ƙaramar waya da wanda bai yi lakwal ba, a ba shi a takarda in ya nema.

Ta biyu: da wane ma'auni? In manhajar ba ta bin tsarin da kowa ke iya karantawa, ranar da shirin ya ƙare ko kamfanin ya tafi, bayanan sun tafi da shi.

Ta uku: bon cikin awa nawa? In an ƙi, a ba da dalili a rubuce, a faɗi inda za a kai kuka. Kuma a buga alƙaluman ƙi da amincewa kowa ya gani.

Ta huɗu: wa ke iya buɗe dosiyena, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya buɗe? In an sace, cikin kwana nawa za a gaya mini? Tarar za ta yi zafin da mai kamfani zai ji a jikinshi?

Ta biyar: me ya hana a yi amfani da ciwona a kaina? Ba ma son a haɗa bayanai sai an rubuta wannan ƙarara.

Kafin manya su amsa, akwai abin da ke hannunmu yau. In kun koma gida, ku ɗauko ledar. Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya, ku jera su bisa kwanan wata. Ku rubuta a shafi ɗaya: rukunin jini, ciwon da ake fama da shi, maganin da ake sha, wanda jiki bai karɓa ba. Ku tabbatar sunan da ke karne shi ne ke takardar haihuwa. Kuma don Allah kar a tura sakamakon analiz na wani a guruf ana neman taimako da sunanshi a fili, sai da izininshi. Mu ma masu riƙe da bayanan mutane ne.

Ni na yi ma Yaya wannan aikin. Yini guda ya ɗauke mu, takarda 140 da wani abu. Da muka gama ta ce: "Auta, yanzu in jefar da ledar?" Na ce a'a Yaya, ajiye ta tukuna, har yanzu kashe suke tambaya.

Ga makirfo nan, mai tambaya ko mai labarin ledar gidansu, bismilla.